Alƙalamin Gamba da Alƙalamin Inji: Tarihin Abin Rubutu a Ƙasar Gure

Bara, ana cikin darasi, wani mushenmu ya zaro alƙalami daga aljihu zai sa hannu a takardar wani ɗalibi. Duk aji ido ya koma kan abin. Alƙalamin itace ne, ja-ja mai duhu, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu, ga zoben tagulla a tsakiya. Ya ce kyauta aka ba shi a wani taro a Turai, ya bari muka zagaya da shi hannu zuwa hannu. Da muka fito sai abokina, ɗan Maradi, ya ce da ni: "Kai dai bari. Mu fa ba mu iya komai ba. Ko abin rubutu sai an ƙera an kawo mana." Na buɗe baki zan yi musu, sai na ga ba ni da abin faɗi. Abin ya yi mini ciwo, don ni da alƙalamin gamba na fara rubutu a Gamu, ina ɗan shekara biyar, tun ban san ana sayar da abin rubutu a kanti ba. Amma a ranar na kasa faɗin daga ina alƙalamin nan namu ya fito, na kasa faɗin yadda ake haɗa tawadarsa. Wannan rubutu amsar da na kasa bayarwa ce a bakin aji, na tattaro ta daga karatu da kuma tambayoyin da na yi a gida lokacin babban hutu.

Yadda ake yin na mushe

Bari mu fara da alƙalamin da ya jawo maganar. Ana yin irinsa ne da injin juya itace, wanda Faransawa ke kira "tour". Mai aikin zai yanko guntun itace kamar tsawon yatsa, ya huda shi ta tsakiya, ya cusa siririn bututun tagulla ya manne da gam. Sai ya ɗora shi a kan sandar ƙarfe, inji ya riƙa juya shi da sauri, shi kuma ya kara bakin kurfi a jiki yana fere shi a hankali har ya zama zagayayye sumul. Daga nan sai gogewa, sai rini in ana so, sai man ƙyalli. Bakin rubutun da bututun tawadar da ƴan zobban nan duk daga masana'anta ake sayo su, itacen riga ce kawai aka ɗinka musu.

Shi kansa injin tsoho ne ƙwarai. A Masar, a kabarin wani limamin zamanin da mai suna Petosiris, akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: ɗaya na jan igiya itacen na juyawa, ɗaya na riƙe da abin fira. Da irin wannan dabara, ta baka da igiya, masu sana'a a Alƙahira suka yi tagogin katakon nan masu ƙananan ramuka da ake kira mashrabiyya. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har yau akwai masu juya itace da baka, suna riƙe kurfi da yatsun ƙafa. Wajen 1800 wani Bature ɗan Ingila, Henry Maudslay, ya kyautata injin juya ƙarfe mai yanka noti daidai wa daida, abin da ya taimaka aka shiga zamanin masana'antu.

Sassaƙar ƙasar Hausa da ta Barno ba ta bi wannan hanya ba. Tamu sassaƙar gatari da gizago ce: itace na zaune wuri ɗaya, masassaƙi ne ke zagaya shi. Da haka ake fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya, da kuma allo. To in maganar inji ce, abokina yana da gaskiya, ba mu yi ba. Inda ya yi kuskure shi ne da ya ɗauka rashin inji rashin alƙalami ne.

Kalmomin sun riga mu shaida

Mu ƴan kimiyyar harshe, in takardun tarihi suka ƙare, kalmomi muke tambaya. "Alƙalami" daga Larabci ne, al-ƙalam. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin nan ta Larabci ya mai da ita jikin kalma, kamar yadda ya yi a alƙali da albasa da alkama da almajiri. Su ma Larabawan, yawancin masana na ganin daga Girkanci suka samo ta, daga "kalamos", wato kara ko iwa. Ka ga ke nan tun daga tushe ma'anar alƙalami kara ce. Wanda ya feƙe sillen kara a Gamu ya fi kusa da asalin kalmar a kan mai alƙalamin zinariya. "Allo" kuma daga al-lauh ne. Wani abin sha'awa, jam'in alƙalami, wato alƙaluma, shi ne kuma sunan da muke ba lambobin lissafi. In rediyo ya ce "alƙaluma sun nuna", karan gamba ne ke magana ba mu lura ba.

"Tawada" ta fi ban sha'awa. A Larabci "dawat" ƙoƙon da ake zuba tawada ne. Wannan "ta" da ke gaba alamar jinsin mace ce a harsunan Berber, dangin Tamajak na Abzinawa, shi ya sa masana ke ganin kalmar ta biyo ta hannunsu. Har yanzu akwai masu cewa "tadawa", kuma wannan ce tsohuwar siga, daga baya baƙaƙen suka yi musayar wuri. "Takarda" ma haka, da "ta" ɗinta a gaba, kuma in ka bi ta har ƙarshe za ka tarar da kalmar Girkanci "khartes", wadda ta haifi "carte" ta Faransanci.

Saura aikin kansa. A 1960 wani masanin harshe ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya buga wata maƙala kan tasirin Barebari a kan Hausawa, inda ya nuna cewa "karatu" da "rubutu" ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, wannan "tu" ta ƙarshe ɗafi ce ta Barbarci mai mai da aikatau suna. Ƙara da "gwani", daga "goni", da "tsangaya", daga "sangaya". In ka jera su sai taswira ta fito: kayan aikin sun sauko ta hamada da sunayen Larabci, wasu sun ratso ta bakin Abzinawa, shi kuwa koyon aikin da tsarin makarantar daga gabas suka zo. Har gobe in aka ce almajiri "ya tafi gabas", kowa ya san Barno ake nufi.

Gure a kan hanyar gabas

Mu ƴan ƙasar Gure a kan wannan hanyar muke zaune. Kafin zuwan Faransawa, Gure ita ce hedikwatar sarautar Muniyo, ƙasar Mangawa da ke ƙarƙashin Barno. A Disambar 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Koso, ya kuma rubuta bayanin garin. Bayan haka, a zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, Muniyo ta koma ƙarƙashin ikon Damagaram. Wato ƙasarmu ta yi zama a inda Barbarci da Hausa ke haɗa kafaɗa, kuma a irin wannan wuri ne kalma ke tsallakawa daga harshe zuwa harshe. A kasuwanninmu yau ma mutum ɗaya zai yi ciniki da Hausa, ya juya ya gaisa da Barbarci.

Barno ta yi suna da rubuta Alƙur'ani da hannu tun ƙarnuka da dama. Wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya ba da labarin wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da kwanan wata na 1669, da bayanai a tsakanin layuka cikin tsohon harshen Kanembu. Takardar da ake irin wannan aiki da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku in ka ɗaga ta a rana. Takarda ce kaɗai ake saye daga nesa, kuma da tsada. Alƙalami da tawada da allo da gafaka duk a gida ake yinsu. Shi ya sa aka gina karatun a kan allo: yaro zai yi shekaru yana rubutawa yana wankewa kafin a bari ya taɓa takarda. Tsarin ya dace da ƙasar da takarda ke zuwa a bayan raƙumi.

A gaban Baba Malam

Da na je gida hutu, na tafi wurin ƙanin kakana, wanda duk gidanmu ke kira Baba Malam. Ya haura saba'in, ya yi karatu a gabas yana saurayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Allah gafarta Malam, so nake ka nuna mini yadda ake feƙe alƙalami." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce: "Ɗan nan, duk karatun da ake cewa kana yi a birni, ashe feƙe kara ne ya gagare ka?" Sai ya aika wani almajiri ya zaro masa ƴan sillayen gamba daga jikin zana.

Ba kowane sille ba ne ke yin alƙalami. Busasshe ake so, wanda ya ƙosa bayan kaka, mai ƙarfin ɓawo, ba wanda ƙwaro ya huda ba. Ya yanke kamar tsawon ɗani, ya ɗora aska ya zabge gefe ɗaya a karkace, ya rage gefe da gefe har baki ya fito, sannan ya ɗan tsaga bakin ta tsakiya. Wannan tsagar ita ce hanyar tawada, tana riƙe ta tana sakinta kaɗan-kaɗan. In ta yi yawa rubutu ya yi dabbare, in babu ita alƙalami ya riƙa bushewa kowane harafi. Daga ƙarshe ya datse kan bakin. Faɗin wannan datsar shi ke yanke kaurin rubutu: na allon yara mai faɗi, na wasali siriri. Kaurin rubutun Barno da muke gani, baƙaƙe jibga-jibga masu cika ido, daga bakin alƙalami yake farawa. Duk aikin bai kai minti biyu ba. Ni da na gwada, sille huɗu na ɓata.

Na tambaye shi ko yana da wani tsohon alƙalami da ya ajiye tun na gabas. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce: "Alƙalami ai ba a gadonsa. In bakinsa ya mutu ka sake feƙewa, in ya gajarce ka ɗauki wani. Abin da aka rubuta shi ake gado." Wannan magana ce ta warware mini bambancin. Alƙalamin mushe an yi shi ne don a ajiye, a nuna, a ba wani kyauta. Namu an yi shi don ya ƙare a bakin aiki, kuma don kada rashin kuɗi ya hana kowane yaro rubutu. Duk da haka ba a wulaƙanta shi. Ba a tsallake shi, ba a jefa shi cikin shara, don akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansa, ta 68.

Baƙin da ke wankuwa da wanda ba ya wankuwa

Sai maganar rini, kuma a nan ne na gane ashe muna da ilimi mai zurfi da ba mu ɗauke shi ilimi ba. Tawadarmu iri biyu ce manya. Ta allo, wadda ake kira zuge, gawayi ce: a ƙona itace, galibi na aduwa, a niƙe gawayin ya yi laushi, a haɗa da ruwa da ƙaro. Wasu da baƙin gindin tukunya suke yi. Ƙaro shi ke hana garin gawayin kwantawa a gindin kurtu, shi ke kuma manne shi a jikin allo. Da yake gawayin a saman itace yake zama, bai shiga ciki ba, da an zuba ruwa sai ya fita. Shi ya sa ake iya wanke allo, shi ya sa kuma rubutun sha yake yiwuwa.

Ta takarda kuwa, yambari, dabararta daban. Ana dafa ƴaƴan bagaruwa, a haɗa ruwan da ƙarfe, kamar kashin maƙera, a sa ƙaro. A cikin bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, shi ne majema ke nema wajen jima. In tanin ya gamu da ƙarfe sai su haifi baƙi mai kama jikin abu, wanda ruwa ba ya fitarwa da sauƙi. Dukawa sun san wannan, baƙin fatarsu da ake kira kuloko daga ƙarfe yake. Turawa ma da irin wannan tawada suka yi rubutu ɗaruruwan shekaru, sai dai su daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen ƙasarsu suke samun tanin.

To ga inda zancen ya haɗu da alƙalamin mushe. Masu juya itace a Turai da Amurka, in suna son itace ya yi baƙi kamar kanya, sukan jiƙa ƙarfe a ruwan tsami na binegar, su shafa a jikin itacen. In itacen mai tanin ne sai ya rine nan take, in ba shi da shi sai su fara shafa masa ruwan shayi mai kauri. Haɗin tanin da ƙarfe ne dai, wanda Baba Malam ke yi a ƴar tukunya a bayan zaure. Ranar da na gane haka sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Sauran launukan ma a daji da gona suke. Ja daga karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don jan da ke jikin kubenta, ana fitar da shi da ruwan toka ko kanwa. Akwai kuma koya, jar ƙasa. Ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ko gangamau, shuɗi daga baba. A rubutaccen Alƙur'ani na hannu launi aiki yake yi: baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, rawaya na hamza, kore na alifin sadarwa. A allon zayyana na ranar sauka kuwa, a nan ne mai zane ke sakin hannu, ya cika itacen da launuka. Masassaƙa su kuma da wuta suke rina itace: a ɗora ƙarfe mai zafi a jikin akushi ko ludayin itace ya babbake saman, a shafa mai, ya yi baƙi ƙirin mai sheƙi. Akwai ma rinin da ba wanda ya yi shi da gangan. Allon Baba Malam fari ne ranar da aka sassaƙa shi, yau ya koma kalar zuma mai duhu, saboda shekaru hamsin na tawada da wanki da gumin hannu.

Rinin kanti ya zo daga baya. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya gano launin farko da aka haɗa daga kwaltar gawayin ƙasa, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na masana'anta. Wannan hodar ce ta iso kasuwanninmu da sunan "galura", kalmar da ita ma aro ce daga Ingilishi. Yau yawancin masu zayyana galura suke saye, don ta fi sauƙi kuma ta fi haske.

Bik a nan, biro a can

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, ta kuma zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Tare da su lakwal ta zo da nata kayan rubutu. Kawuna, wanda ya yi lakwal a Gure a farkon shekarun 1960, ya ce su da alƙalamin tsomawa suka koya: ƙotar itace, bakin ƙarfe, da ƙoƙon tawada a ramin tebur. Irin wannan bakin ƙarfe a birnin Birmingham na Ingila aka fara buga shi da yawa da inji, a shekarun 1820. In ka duba shi da kyau, da tsagarsa a tsakiya, sillen gamba ne aka yi da ƙarfe. Kawu ya ce yaran da suka fito daga makarantar allo sun fi saurin iya shi, don hannunsu ya riga ya san nauyin tawada.

Abin da ya sauya komai shi ne alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki. Wani ɗan jarida ɗan Hangari, László Bíró, ya yi rajistar ƙirarsa a 1938. Marcel Bich na Faransa ya sayi haƙƙin, ya fitar da Bic Cristal a 1950, mai arha. Sai a 1965 aka yarda yara su yi rubutu da shi a makarantun Faransa. Ku duba abin da wannan ya yi wa Hausa. Mu a Nijar "bik" muke cewa, ƴan'uwanmu da ke ƙetaren iyaka, daga Nguru zuwa Kano, "biro" suke cewa. Abu ɗaya, harshe ɗaya, amma mu mun ɗauki sunan Bafaranshen da ya sayar, su sun ɗauki sunan wanda ya ƙirƙira, ta bakin Ingilishi. Haka "lakwal" da "makaranta", "kaye" da "littafin rubutu", "mushe" da "tica". Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta ratsa har cikin jakar ɗan makaranta. Tsoffin kalmomin kuwa, alƙalami da allo da tawada, ba su san iyaka ba, don sun riga ta zuwa.

Wasu na cewa bik ne ya kashe alƙalamin gargajiya. Ni ban ga haka a Gamu ba. Bik ba ya rubutu a allo, tawadarsa ba ta wankuwa, ba a kuma shanta. Kowannensu ya kama gefensa. Yaro ɗaya zai feƙe kara da asuba, ya ɗauki bik na dala ashirin da hantsi. Matsalar tana wani wuri.

Itacen ne ke tafiya

Na tambayi masassaƙin da ke kawo alluna kasuwarmu. Ya ce da can a bayan gari ubansa ke samun aduwar da za ta ba da allo mai faɗi, shi kuwa yanzu sai ya yi tafiya mai nisa, kuma yawancin abin da yake samu sirara ne. Allon manya yana son gindi mai kauri, ita kuwa aduwa ba ta sauri wajen girma. Da yawa sun koma yanka allo daga katakon kanti, wanda ba ya jure wanki, yana ɓarewa. Ƙaron da ake sa wa tawada daga dakwara yake fitowa, kuma ƙasar Gure da Manga sun yi suna da shi, har yana cikin kayan da Nijar ke fitarwa waje bayan samun ƴancin kai a 1960. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dakwara da yawa. Gamba kanta, da take cika gefen gonaki, yanzu saye ake yi, ga masu zana na nema, ga dabbobi na nema, ga rairayi na binne fadamu.

Hukuma ta san da haka. Dokar daji ta 1974 ta sa aduwa da dakwara da bagaruwa cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Ka lura, itatuwan allo da tawada ke nan su uku. Dokar ta kasance da hujja, amma a ƙasa abin da ta haifar shi ne masassaƙi na aiki a ɓoye kamar ɓarawo, kuma mai aiki a ɓoye ba ya koya wa yaro. Masassaƙin nan ƴaƴansa maza uku, ba ko ɗaya da ke riƙe gizago: biyu na ci rani, ɗaya na kabu-kabu. Su ma masu alƙalamin inji ba su tsira daga wannan ba. Kasuwar itace mai launi ta duniya ta cinye madobiya a Afirka ta Yamma har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinta a 2017.

Ba duka labarin ne baƙi ba. Tun daga shekarun 1980 manoma a jihohin Maradi da Damagaram suka koma barin tsiron itace a gona suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, gawo ya dawo a wurare da yawa. Abin da aka yi wa gawo ana iya yi wa aduwa da dakwara. Amma itace kan dawo in an bar shi, shi kuwa ilimin da ke kan tsoho in ya tafi ba ya tsirowa. Almajiran Baba Malam duk sun iya feƙe alƙalami, sun iya zuge. Yambari kuwa, ya ce a cikinsu babu wanda ya taɓa dafawa, don mai rubuta takarda yanzu tawadar kwalba yake saye. Ya lissafa mini sunayen matakan aikin da na kayan haɗin, wasu da Hausa wasu da Barbarci, rabinsu ban taɓa ji ba, ni da nake taƙamar karatun harshe.

Abin da ya rage mana

A 1854 wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya buga littafin Polyglotta Africana a kan aikin da ya yi a Firitawun ta Saliyo, inda ya zauna da bayin da aka ƴanto yana tambayarsu kalmomi kusan 300 a harsunansu. A cikin harsunan da ya rubuta akwai na Muniyo. Wato wani mutumin ƙasarmu da bauta ta jefa bakin teku ya zauna ya faɗi kalmomin gida, wani baƙo ya rubuta, shi ya sa muke da su yau. Mu ba a kore mu daga gida ba, tsofaffin na nan da ransu, kuɗin mota kawai ke tsakaninmu da su.

Don haka ga roƙona ga ƴan'uwa ɗalibai. Duk wanda zai je gida hutu, ya ware yini ɗaya ya zauna da malamin allo, ko masassaƙi, ko baduku, ko marini. Ya tambayi sunan kowane kayan aiki, da itacen da ake yi da shi, da lokacin da ake yankarsa, da abin da ake haɗawa da gwargwadonsa. Ya rubuta yadda suka faɗa, da karin harshensu, kada ya gyara musu zuwa Hausar littafi. In da waya a ɗauki murya, bayan an nemi izini. Mu haɗa abin da muka samo a fitowa ta gaba ta wannan ɗan littafi, na Gure da na Mirya da na Magarya da na Tanut, mu ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Wanda kuma yake sha'awar injin juya itace, bismilla, ya koya, sana'a ce mai kyau. Zai ma fi kowa riba in ya san bagaruwa da karan dafi, don zai yi rinin da ba sai ya jira an kawo masa daga waje ba.

Da hutu ya ƙare na dawo da sillen gamba guda biyu da Baba Malam ya feƙe mini, da ɗan kurtun zuge a ƙulle cikin leda. Na kai wa abokina ɗan Maradi ɗaya. Ya tsoma, ya gwada rubuta sunansa a bayan kaye, tawada ta zubo ta ɓata masa wando. Ya ce in koma in tambayo masa yadda ake riƙewa. Na ce masa a unguwarsu ma akwai tsangaya, ya je da kansa.